LineageOS ko Ubuntu Touch: wacce za ka ɗora wa tsohuwar Redmi?

Ƙanena na Marwa, ka ce Redmi Note 7 ɗinka ta daina samun sabuntawa, kana son sauke manhajar da ta zo da ita, amma ka rasa wadda za ka ɗora tsakanin LineageOS da Ubuntu Touch. Duka biyun sun bi ta teburina a nan Garwa.

LineageOS dai Android ce da aka share wa tarkacen kamfani. Ita ta gaji wata manhaja irinta mai suna CyanogenMod da aka rufe a ƙarshen 2016. Hannunka ba zai yi baƙunta ba, WhatsApp da Facebook suna hawa lafiya lau, wayar kuma takan yi sauƙi don babu tallace-tallacen nan da ke cin data a ɓoye. Sai dai ba ta zuwa da Play Store. In kana so, sai ka ɗora MindTheGapps, wato ƙunshin manhajojin Google, nan take bayan manhajar, kafin ka kunna wayar karon farko. In ka riga ka kunna, to ka ja wa kanka sake aiki. Wasu manhajojin banki kuma sukan ƙi buɗewa don sun gane an kwance makullin wayar, wato kullen da kamfani ya sa don hana sauya mata manhaja. Wannan bai cika damun mu ba, tunda #150# na Orange Money da *126# na MoMo ta wurin buga kira ake bin su.

Ubuntu Touch wata duniya ce daban. Kamfanin da ya ƙirƙiro ta, Canonical, ya yi watsi da ita a 2017, 'yan sa-kai na UBports suka ci gaba da raino. Kyau kam tana da shi, komai da jan yatsa daga gefen allo ake yi, Google ba ya leƙenka, mai son koyon Linux kuma ya samu makaranta a aljihu. Matsalar ita ce OpenStore, rumbun manhajojinta, babu WhatsApp na ainihi a ciki. Dole ka bi ta Waydroid, wato ka zaunar da Android cikin akwati a kanta. Na gwada haka cikin zafin watan Afirilu: kafin la'asar batir ya yi ƙasa, bayan wayar kamar an ɗauko ta daga bakin murhu. Sannan Ubuntu Touch tana jingine ne da wani takamaiman zubin Android, sai ka fara mayar da wayar kansa kafin UBports Installer ya yi aikinsa. Yara da yawa a nan suke tuntuɓe.

Ko wacce ka zaɓa, ƙofa ɗaya ce: sai ka kwance makullin da manhajar Mi Unlock, da asusun Xiaomi, kamfanin da ke ƙera Redmi, galibi kuma a sa ka jiran awa 168. Ranar da ya buɗe, komai na wayar zai goge, don haka kwashe hotuna da lambobi tun yanzu. Ka nemi fayil mai sunan lavender, shi ne laƙabin Note 7. Na Note 7 Pro violet ne, kada ka haɗa su. Ka kuma duba ko har yanzu akwai mai kula da zubin wayarka.

Ka yi aikin da kwamfutar cinya mai caji. Ni da ta tebur na taɓa yi, ana tsakiyar ɗorawa aka ɗauke wuta, wayar ta tsaya cak a kan hoton zomon nan na fastboot, wato allon ɗora manhaja, mai ita yana zaune kan benci yana kallona. Sai bayan isha'i na farfaɗo da ita.

Masu Tecno da Itel da ke ta tambaya, ku yi haƙuri, da wuya ku ga wayoyinku a jerin ko ɗaya daga cikinsu.

In da wannan Redmi kake karɓar saƙon masu ciniki, LineageOS za ka sa, babu ja. Ubuntu Touch sai in waya ta biyu ce da ke kwance a durowa, ita ma ka gwada kira da #150# kafin ka fita da ita kasuwa.