Daga Jakarta: a nan waya ce aljihun matasa

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Hajiya da yara. Ka tambaye ni yadda samarin garin nan na Jakarta, a ƙasar Indonesiya, suke rayuwa, to ga abin da idona ya gani.

Acaɓarsu sunanta ojek, amma ba kasafai ake tsayawa bakin titi ana ɗaga hannu ba. Manhajar Gojek ko ta Grab za ka buɗe a waya, ka ga kuɗin tun kafin ka hau, babu ciniki, babu rigimar canji irin tamu. Ɗan acaɓan ya iso da koriyar riga, ya miƙo maka hular kwano. Shi ne kuma mai kawo abinci har ƙofar ɗaki. A 2019 babban bankinsu ya fito da QRIS, wata alama da ake haskawa da waya a biya kuɗi. Mai soya ayaba a ƙofar masallacinmu ma ya manna tasa a jikin kekensa.

Zaman majalisa suna ce masa nongkrong. Mu shayi ne a kan benci, su kuwa kofi ne da madara da ƙanƙara, a zuba baƙin suga mai kama da mazarƙwaila, kofi ɗaya wajen rufiya dubu 20 a kuɗinsu. Maza da mata, kowa da wayarsa, har dare.

Abin da ke damuna bashi ne. Sauƙin nan ya sa yaro yana sayen takalmi yau, biya sai wata mai zuwa, in ya kasa ya ranto daga manhajojin bashi da suke kira pinjol. Wani ɗalibi maƙwabcina ya faɗa ciki. Masu bin bashin suka dinga kiran lambobin da ke wayarsa, har mahaifiyarsa a ƙauye. Na same shi zaune a matakala, ya haɗa kai da gwiwa, kunya ta hana shi ɗaga wayar uwarsa. Wallahi ya ba ni tausayi. Don Allah Yaya, a ja kunnen ƙannenmu, na ji irin manhajojin nan sun shigo gida.

Amma ladabi kam suna da shi. Saurayin da ya sha aski na zamani, in ya haɗu da babba sai ya kama hannunsa ya kai goshi.

Hijabai kuwa kasuwar Tanah Abang ce gidansu, inda 'yan kasuwarmu suke sari. Yadin mara nauyi ne, zai yi daidai da zafinmu. A tambayar mini Hajiya kalar da take so, akwai mai tahowa ƙarshen wata.