Lesa ko Babbar Na'urar Hanzarta Furoton?

Musun nan, kan wace hanya ta fi wajen hanzarta furoton (ƙwayar da ke cikin cibiyar atom, ƙwayar zarra), mun yi shi ne da wani abokina malamin fiziks a teburin mai shayi a Yalwa, kusa da jami'ar ATBU a Bauchi. Shi yana bayan manyan na'urori irin ta CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, mai zagayen kilomita 27. Ƙarfin lantarkin da ke tura ƙwayoyin furoton a irinsu da wuya ya haura bolt miliyan 100 a kowace mita, in an matsa, ƙarfen ya fara tartsatsi. Amma abin da suke fitarwa tsaf yake, gudu ɗaya.

Ni kuwa lesa, na'urar da ke fitar da haske mai ƙarfi a tsuke, ita ce ta sace mini zuciya. Idan aka harba haskenta mai tsanani kan siririn fallen ƙarfe, nan take take fizge elektron, ƙwayoyin da ke kewaye cibiyar atom, daga atom ɗin ƙarfen, su tsere ta bayan fallen, su bar caji mai janyo su baya. A wannan ɗan tsakani filin lantarki kan kai bolt tiriliyan ɗaya a mita, shi ke wuntsulo furoton waje. Dabarar ƙara wa hasken lesa ƙarfi da masana fiziks Strickland da Mourou suka fito da ita a 1985, wadda ta ba su kyautar Nobel a 2018, ita ta sa hakan ya yiwu. Sai dai furoton ɗin na fitowa kamar tashin kasuwar Wunti, kowa da gudunsa. Shi ya sa asibitocin da ke maganin ciwon daji da furoton har yau irin na'urorin da abokina ke goyon baya suke amfani da su.