Salbutamol ko ipratropium: wanne ake fara ba mai asma?

Da hunturu ya shigo Katsina da ƙurarsa, masu asma kan cika ɗakunan shan magani. Magunguna biyun nan duk suna buɗe hanyar numfashi, amma kowanne da makarɓa (wurin karɓar saƙo) da yake kamawa a fatar ƙwayar halitta.

Salbutamol yana kunna makarɓar beta-2 da ke tsokar bututun huhu, tsokar ta saki. Fesa ɗaya maikrogiram 100 ne, yana fara aiki cikin kamar minti 5, ya ɗauki awa 4 zuwa 6. Matsalarsa: zuciya da sauran tsokokin jiki ma suna da makarɓan beta, shi ya sa yawan fesawa ke kawo faɗuwar gaba, karkarwar hannu da raguwar sinadarin fotasiyam a jini. Wanda ke shan propranolol (maganin zuciya da hawan jini) kuwa, makarɓar a toshe take, salbutamol ba zai yi aiki sosai ba. A riƙa tambayar mai asma ko yana shan propranolol.

Ipratropium toshewa yake yi. Yana hana asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, zama kan makarɓar muskarin, tsokar ba ta samun umarnin matsewa. Maikrogiram 20 ne a fesa, ba shi da saurin salbutamol, yana busar da baki, kuma a kiyaye shi daga ido.

A ganinmu, idan numfashi ya sarƙe, salbutamol ne farko. Idan ya tsananta, a asibiti ake haɗa su.