Tsarin gidajen tausa a Bankok, ga masu shagon gyaran jiki na gida

Masu shagunan dilka da halawa a Kano da Abuja suna yawan tambayar kayan adon da za su yi oda daga Tailan. Gara a fara duba tsarin ɗakin kafin a kashe kuɗin kwantena.

Da shigarka gidan tausa a Bankok, babban birnin Tailan, takalmi za ka cire. Akwai gajeren benci da tasa, inda ake wanke maka ƙafa da ruwan ɗumi. Dutse mai kaushi ake shimfiɗawa a wurin saboda santsi, daga nan kuma katako ne har ɗaki.

Tausarsu ta gargajiya, wadda hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2019, a ƙasa ake yin ta, da kaya a jiki, babu mai. Mai tausa kan durƙusa ta danna da gwiwa da tafin ƙafa, don haka dogon gado ba ya yi mata. Sababbin wuraren sai suka gina dakalin katako, suka ɗora katifa mai tauri, suka bar kamar rabin mita kowane gefe. Soso mai laushi lotsawa yake, dannawar ta tafi a banza.

Wuta ce inda suka fi mu nesa ba kusa ba. Ba a rataya farin ƙwai tsakiyar silin, tunda wanda ke kwance sama yake kallo. Ƙwai mai ruwan ɗorawa ake ɓoyewa bayan sassaƙaƙƙen katako ko ƙarƙashin dakalin.

Siliki kuwa a bango yake tsayawa cikin firam, domin a ɗakunan da ake tausa da mai, man yana bar masa tabo. Zanin gado na auduga ne. Filon jinginarsu mai kusurwa uku audugar rimi ce a ciki, ba sai an yi odarsa ba.

Katakon tik (teak), wani icce mai ƙarko, ya yi tsada tun da Tailan ta hana sare dazuzzukanta a 1989, shi ya sa da yawa suke amfani da na rusassun gidaje. Sannan katakon da ya saba da laimar can yakan tsage idan hunturu ya kama shi a Kano. A nemi wanda ya bushe a gida.

Ƙullin ganyen da suke turarawa su gasa jiki da shi, mai kurkur da kafur da ganyen tsamiya, yana cika ɗaki da tururi. In babu fanka mai zuƙe iska, bango zai yi fumfuna.

Gunkin Buda, wanda ya kafa addinin da yawancinsu ke bi, ba kayan ado ba ne a wurinsu. Ajiye shi a ƙasa ko kusa da banɗaki cin mutunci ne, fitar da shi daga ƙasar ma sai da takardar izini.