Sifesar taya ta H&R a kan Accord ɗina, wata takwas bayan na sa birkin Brembo

Hawan Kibo ne ya sa na canja birki. A Jos nake zaune, aiki kuma yana kai ni Abuja kusan duk mako biyu ta hanyar Akwanga. Wata rana ina gangarowa da iyali a Accord ɗina ta 2007, wadda ake kira DC, birki ya ɗau zafi har feda ta fara nutsewa a ƙarƙashin ƙafata, ƙauri ya cika motar. Allah ya kiyaye, amma ranar na yanke shawara.

Makanikena ya samo mini birkin gaba na Acura TL Type-S, kalifar Brembo (kalifa ita ce abin da ke matse farantin birki) mai fistin huɗu da faranti mai faɗin milimita 310. TL ta 2004 zuwa 2008 da irin Accord ɗina gida ɗaya suka fito, ramukan taya biyar ne iri ɗaya, 5x114.3. Aka ɗaura komai lafiya. Da aka zo mayar da rim, inci 17 ne, sai ya ƙi zama. Faɗinsa ya isa, matsalar daga fuska take: kalifar ta fi ta asali kauri, ƙafafun rim ɗin suna zaune a kanta.

Ya jera washa a kan bol don gwaji kawai, yana juya tayar da hannu. A milimita 6 ta daina gogawa, amma ko takarda ba za ta wuce tsakani ba. Ya ce, "Yallaɓai, ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, rim ma yana ɗan lanƙwasa a kwana. Sai mun bar aƙalla milimita 3." Lissafi ya tsaya a kan sifesa mai milimita 10, wato farantin ƙarfe da ake sawa tsakanin rim da hob, inda ake ɗaura taya, don a turo tayar waje. A bayan rim ɗina an buga ET55, wato milimita 55 ne daga tsakiyar faɗin rim zuwa fuskar da ke zama a kan hob, sifesa mai 10 kuma za ta mayar da shi kamar ET45.

Don gaggawa na sayi wata mai araha a wani shago, mai milimita 8, irin mai ramuka barkatai da ake cewa tana shiga kowace mota. Kwana huɗu ta yi. Da na kai gudun kilomita 100 sitiyari ya fara rawa a hannuna, aka yi balansin sau biyu bai daina ba. Dalili shi ne, a tsakiyar hob akwai wani ɗan leɓe, na Honda milimita 64.1, wanda rim ke hawa ya zauna daidai tsakiya. Wannan sifesar ta cinye leɓen, ita kuma ba ta da nata. Abin da ya fi tayar mini da hankali sai da makaniken ya sa noti yana ƙirga zagaye a gabana: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya ƙare. Bol ɗin Honda M12x1.5 ne, kowane zagaye milimita ɗaya da rabi, ana so noti ya ci aƙalla kaurin bol ɗin, milimita 12, wato zagaye 8. Da rabin haka nake kai yara makaranta. Nan take muka cire ta.

Sai na sa aka kawo mini H&R Trak+, ƙirar Jamus, nau'in DRS, wanda ke zuwa da dogayen bol nasa. Mai saye ya lura, kamfanin yakan rubuta jimillar ɓangare biyu ne, don haka mai milimita 10 a kowace taya za ka ga an rubuta 20. Tun a hannu ka san ba ɗaya suke ba. Ramuka biyar ne cif, ta shiga hob ba ta motsi ko kaɗan, ga leɓenta a gaba da rim zai hau.

Sa ta ne ya ci yini. Fitar da tsofaffin bol a gaban Accord ba wuri, sai da aka zare hob, tunda kuwa an buɗe na ce a sa sabon boris gaba ɗaya. Ya kankare tsatsar fuskar hob da burushin waya har ta yi ƙyalli, domin ɗan datti kaɗan a nan ya isa ya karkatar da taya. Ya ɗaura noti da sifanar awo a kan 108 Nm, ba da hawa kan wil-sifana da ƙafa ba kamar yadda masu faci ke yi. Noti ya ci zagaye tara da ɗoriya. Bayan kilomita 80 na koma aka sake aunawa, biyu suka ɗan ƙara shiga, daga nan ba su sake ba.

Yau wata takwas. Rawar sitiyari ta tafi, ba gogawa, kuma na sauka Kibo fiye da sau goma feda tana nan da ƙarfinta, ko da yake yanzu ina saukowa da ƙaramin giya, abin da ya kamata in riƙa yi tun farko. Akwai abin da kowace sifesa ke jawowa, ita ma ba ta tsira ba. Tayar gaba ta fito waje, don haka in na faɗa rami da taya ɗaya ina jin sitiyari ya ɗan fizge ni fiye da da, da damina kuma laka tana ɓata gefen ƙofa. Nauyi ya ƙaru a kan boris, shi ya sa duk canjin mai nake sa a ɗaga motar a girgiza tayar. Ƙaramar safaya ta but kuma ba ta hawa kan Brembo. Ranar da na yi faci a gaba kusa da Keffi, sai da na sa ta a baya, na kawo tayar baya zuwa gaba.

Kuɗinta da na aiki ya kusa na sababbin taya biyu. Da na samu rim ɗin TL na asali masu kyau a kasuwar Dilimi ta Jos a lokacin, su zan ɗauka, don su ba sa bukatar komai a tsakani. Waɗanda na gani biyu sun sha walda, shi ya sa na tsaya a kan nawa.