Famfon mai biyu a mota mai turbo: wane haɗi za ka zaɓa?

To kai da ka ɗora wa mota turbo ka sa manyan nozul har famfo ɗaya ya fara gazawa, tsaya tukuna kafin ka kira mai rewaya. Tambayar farko ma, dole ne sai biyun? Famfon Walbro 255 lita 255 yake turowa a awa, in shi ne ya kasa akwai Walbro 450, guda ɗaya tal, kuma mota da yawa shi kaɗai ya ishe ta. Kuɗi kaɗan, waya kaɗan, ciwon kai kaɗan.

Amma in ka ce sai biyun, to mafi arha dai shi ne su tashi tare da ka murɗa makulli. Ba wani siddabaru, kowanne da rilensa (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa) da fis ɗinsa shi ke nan. Matsalar ita ce a sulo injin ba ya shan ko kusa da abin da suke turowa, sai man ya yi ta zagaye daga tanki zuwa inji ya dawo tanki yana ɗaukar zafi, ka haɗa da zafin Afrilu a go-sulo, ga batir da altaneta suna shan wahala a banza, kuma in bututun da ke mayar da mai tanki siriri ne regileta mai daidaita matsin mai ba zai iya riƙe matsinsa na bar 3 ba, mota ta dinga shan mai tana baƙin hayaƙi.

Ni dai na fi son na biyun ya yi barcinsa sai turbo ta fara hura iska. Ana yin haka da ɗan makunnin Hobbs mai aiki da matsin iska, matsin na kaiwa misali psi 5 sai ya ja rile. Ba tsada. Amma fa nan haɗarin yake, don ranar da makunnin nan ya mutu ko wayarsa ta saki ba abin da zai gaya maka, kana taka tottur mai ya yi kaɗan, fistin ya narke, inji ya buga. Kuma ka tabbata akwai bawul mai hana mai komawa baya, in ba haka ba man zai sulale ta cikin famfon da ke kwance ya koma tanki.

Mai kuɗi kuwa ya bar wa birenbos, wato kwamfutar inji, aikin, irin su Haltech ko Link, su ne za su kunna na biyun kuma in ka sa sensa ta matsin mai za su rage wa injin ƙarfi da zarar matsin ya faɗi.

Ko wanne ka ɗauka, wallahi kar ka yarda a rataya famfo biyu kan wayar kamfani, siririya ce, wuta na raguwa a hanya. Babban famfo kan ja kusan amfa 20 shi kaɗai. A ja waya mai kauri, lamba 10, daga batir zuwa ƙafa ta 30 a rile, fis kusa da batir, 87 ta tafi famfo, tsohuwar wayar kamfanin ta dawo 86 tana ba da umarni kawai don in inji ya mutu a hatsari famfo ma ya tsaya. Ita kuma 85 a bodi, a kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes kafin a ɗaure noti.