Marufin kunne da jiragen soja masu saukar ungulu: abin da na gani bayan wata takwas

Ranar da na sayi marufin kunnen nan, kwana uku ke nan ban yi barcin awa uku a jere ba. Aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi a wani ƙauye da ke yammacin Ingila, in shiga ƙarfe takwas na dare in tashi takwas na safe. Kafin in iso gida in watsa ruwa in sa wani abu a bakina, goma ta yi. To daidai wannan lokacin ne su kuma jiragen suke fara nasu aikin.

Gidan haya ne a bakin gona. Ranar Lahadi muka zo duba shi, ko'ina tsit, ba ka jin komai sai kukan tumaki, ga kuɗin haya da sauƙi idan aka kwatanta da cikin gari. Sai da muka tare muka gane cewa muna cikin yankin da soja suke koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu, kuma a ranakun aiki suka fi tashi. A Birtaniya an raba ƙasar zuwa yankuna 20 na shawagi ƙasa-ƙasa. Jirgi mai saukar ungulu da zarar ya yi ƙasa da ƙafa 500 ana lissafa shi a mai shawagi ƙasa-ƙasa, kuma an yarda ya sauko har ƙafa 100, wato kimanin mita 30, tsayin bene mai hawa goma ke nan. Idan atisayen sauka ne ko na ɗaukar kaya, har ƙasa yake kaiwa. Jiragen yaƙi masu fiffike su ƙafa 250 aka ba su a yawancin wurare. Manyan garuruwa ana kauce musu, shi ya sa abin yake ƙarewa a kan mu mazauna ƙauye.

Ni da kaina da na daure. Abin da ya kai ni shago shi ne Innarmu. Ta zo mini wankan jego bayan na haifi ɗana na biyu, ta kuma zauna har na koma aiki. A kwana na biyu da zuwanta, tana tsakar ɗaki tana goyon jariri, wani babba mai farfela biyu, irin wanda ake kira Chinook, ya bi ta kan rufinmu. Kofuna suka hau rawa a kan kantar kwanuka. Ina fitowa na same ta durƙushe a bayan kujera, ta rungume yaron a ƙirji, tana ta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un". Na ce, "Inna, koyo suke yi, ba komai." Ta ɗago ta ce, "Ke yarinya, a garinmu in jirgi ya sauko haka, ba koyo ya zo yi ba." Daga ƙauyen da ke bakin daji ta fito, inda ƙarar jirgi take nufin ana artabu a kusa, kowa ya tattara 'ya'yansa. Duk bayanin da na yi mata ta ji, amma jikinta bai ji ba. Mako biyu tana firgita daga barci.

Shagon kayan noma na je, a garin da muke cin kasuwa, inda manoma suke sayen takalmin ruwa da injin yankan itace. Dattijon da ke tsaron wurin bai ɓata mini lokaci ba. Da na ce masa jirage, sai ya gyaɗa kai ya sauko da iri uku: soson toshe kunne da ake murzawa a cusa, marufi siriri mai arha, da babban marufi mai kauri irin na masu aikin filin jirgi. Ya faɗa mini gaskiya tun a nan cewa babu wanda zai kashe ƙarar gaba ɗaya, kuma idan na sayi siririn zan dawo. Na ɗauki babba guda biyu, fam 28 kowanne, da kwalin soso na fam 6. Wannan gaskiyar da ya faɗa kafin ya karɓi kuɗina ita ta sa har yau can nake zuwa.

Marufin kansa: kofuna biyu ne masu zurfi, cikinsu soso, bakinsu matashi mai laushi da ke manne wa fata, an haɗa su da baka na ƙarfe mai lulluɓi da ke bi ta saman kai. Ba batir, ba caji. A jikin kwalin an rubuta SNR 35, wato ma'aunin da ake amfani da shi a Turai na yawan desibel (awon ƙarfin ƙara) ɗin da abin yake ragewa a ɗakin gwaji. A Amurka NRR suke rubutawa, kuma lambarsu takan fi ƙanƙanta ga abu iri ɗaya, don haka kada mai saye ya haɗa biyun ya rikice. Desibel ba kamar mudu ba ne da za a ce in an kwashe 35 cikin 90 ko rabin ƙarar ba a rage ba. Duk ragin desibel 10, kunne yana jin kamar an raba ƙarar biyu. Ragin 30 ke nan an raba ta biyu sau uku.

Ga ƙananan jiragen koyo, waɗanda su ne suka fi yawa a kanmu, marufin ya biya kuɗinsa. Ƙarar injinsu mai kaifi, wadda take shiga kai kamar ana goga ƙarfe, takan koma kamar mota ce ta wuce can nesa a titi. Akwai ranakun da jirgi ɗaya zai yi ta zagaye a gonar da ke bayanmu, ya sauka ya tashi, ya tsaya cak a sama ya sake sauka, har kusan minti arba'in. A da wannan ne yake sa ni zama a bakin gado ina hawaye don gajiya. Da marufin a kaina, na sha farkawa maigidana ya ce mini sun yi ta yi, ni ban sani ba.

Amma ga manyan, labarin daban ne, kuma a nan nake so mai saye ya natsu ya ji. Ƙarar jirgi mai saukar ungulu kashi biyu ce. Akwai siririya ta inji da ƙaramar farfelar wutsiya, akwai kuma mai kauri, dib-dib-dib ɗin da babbar farfela take yi idan tana sarar iska, musamman lokacin da jirgin yake saukowa ko yake karya kwana, kowane reshen farfela yana faɗawa cikin guguwar da na gabansa ya bari. Irin wannan marufi ya fi ƙarfi a kan siririyar ƙara. Mai kaurin kuwa ratsa bango take yi, ta girgiza gilashin taga, ta bi ta katakon gado ta shiga ƙashin mutum. Ba ta kunne kaɗai take shiga ba, to toshe kunne ba zai hana ta ba. Na gwada haɗa soso da marufi a lokaci ɗaya. Ya ƙara, amma kaɗan, kamar desibel biyar kawai ake samu a kan wanda ya fi ƙarfi cikin biyun, domin ƙashin kai da kansa yana kai sauti cikin kunne. Duk ranar da mai farfela biyun nan ya wuce, ina jin sa a ƙirjina ko da me na sa.

Wani abu da babu kwalin da zai faɗa wa mace Bahaushiya: ɗankwali yana lalata aikin marufin. Sai matashin ya manne da fata zagaye da kunne ba tare da kafa ba. Idan gefen ɗankwali ko hular barci ko hijabi ya shiga tsakani, ko ƙafar tabarau, ƙara ta samu ƙofa. Haka kitso mai kauri da ya sauko ta gefen kunne. Da na yi shuku ya zauna daram, da na yi kitson da ya kwanto gefe sai na ji kamar an canja mini marufin. Yanzu nakan tura ɗankwalin baya in fito da kunnuwa tukuna. Inna kuwa da farko a kan mayafinta take ɗorawa, ta ce ba ya komai. Sai da na zauna na gyara mata da hannuna, ta yi shiru tana kallona ina magana ba ta ji, sannan ta yi murmushi.

Barci da shi sai a rigingine. Mai kwanciyar gefe ba zai iya ba, kofin zai danne masa muƙamuƙi. Ni mai kwanciyar gefen dama ce tun ina yarinya, na ɗauki kusan mako uku kafin in saba, kuma har yanzu wani lokaci nakan farka in tarar na ture shi. Bakan yana matse kai sosai yana sabo, bayan awa huɗu sai in ji gefen kaina yana zafi. Da zafin watan Yuli kunnuwa suna jiƙewa da gumi. Matashin nawa ya fara tsagewa a wata na bakwai, na sayi na canji a shagon nan fam 9, na ɓalle tsohon na maƙala sabo cikin minti biyu. A ranakun da na gaji da matsi nakan koma soso, wanda shi ma yana aiki ƙwarai idan an murza shi siriri, an ja kunne sama, an cusa shi ciki sosai an riƙe har ya kumbura. Yawancin masu cewa soso ba ya aiki a bakin kunne suke ajiye shi.

Akwai haɗari ɗaya da ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ki jin jirgi zai iya hana ki jin kukan yaro, ko ƙararrawar gobara, ko bugun ƙofa. Ba na taɓa sa shi idan ni kaɗai ce babba a gida da yara. Na danna maɓallin gwajin ƙararrawar gobararmu da marufin a kaina, ina jin ta amma can ƙasa-ƙasa, ban yarda za ta tashe ni daga barci mai nauyi ba. Don sallar azahar kuwa agogon hannu mai girgiza nake ɗaurawa, domin ƙararrawar waya ta sha yi ta gama ban motsa ba. Jariri kuma ban sa masa wannan ba, kuma kada kowa ya sa: ƙarfin bakan ya fi ƙarfin kan da maɗigarsa ba ta rufe ba.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai dawaki biyu, ita damuwarta ta fi tawa nauyi. Doki dabba ce mai firgita, kuma a 2003 wata mata ta rasu a yankin Lincolnshire bayan jirgin soja mai shawagi ƙasa-ƙasa ya razana dokin da take kai ya kayar da ita. Tun daga nan ake ta kira ga mahaya su riƙa sa riga mai ƙyalli, su sa wa dokin ma, don matuƙi ya hango su da wuri ya kauce. Ba ta fita ko nan da can sai da rigarta ruwan ɗorawa. Ita ce ta nuna mini cewa sansanin sojan da jiragen suke tasowa yakan sanar a shafinsa na intanet idan za a yi tashin dare a mako. Suna koyon tuƙi da tabaran ganin dare, kuma da yake a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen tara da rabi, duhu bai kankama ba sai goma ta wuce, atisayen yakan kai tsakar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018 ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar jirage da dare ya wuce desibel 40 a inda mutane suke zaune, saboda illarsa ga barci. Matsakaici ke nan. Jirgi ɗaya da ya wuce ƙarfe sha ɗaya da rabi ya tashi yaro mai shekara huɗu ba ya wani motsa matsakaici, amma a daren da ba ni da aiki ni ce zan yi jijjiga har ɗaya.

Ba na jin haushin yaran da ke cikin jiragen. Wanda zai je ya ɗauko mutum daga ambaliya ko daga kan dutse cikin duhu dole ya koya a wani wuri, kuma na fi son ya koya da kyau. Sai dai mu da ke ƙasa mu ma mutane ne masu aiki da jarirai da tsofaffi, kuma na lura rabin wahalar ba ƙarar ba ce, bazatar ce. Wannan sanarwar ta mako ta yi wa Inna abin da marufin bai yi mata ba. Na riƙa faɗa mata tun da safe, "Inna, yau da gobe za su yi dare." Sai ta yi shirinta, ta idar da isha'i da shafa'i da wutiri, ta ɗauko marufinta ta ajiye kusa da carbinta. Idan suka zo, sai ta ce, "Ga 'yan makarantar nan," ta ɗora abinta ta kwanta.

Taurari huɗu cikin biyar nake ba shi. Wanda ƙananan jirage suke damu, ko mai aikin dare da ke neman barcin rana, ya saya, ya ɗauki mai kauri mai lambar SNR 30 zuwa sama, ya haɗa da kwalin soso don ranakun zafi. Wanda manya masu nauyi ne suke bi ta kansa, ya saya amma ya san tagarsa za ta ci gaba da rawa. Wanda kuma bai riga ya kama gida a ƙauyen Ingila ba, ya je duba shi ranar Talata da hantsi, ya tsaya a waje rabin awa, ya kuma tambayi maƙwabta.

Da Inna za ta koma gida, ta naɗe nata a cikin zani ta sa a ƙasan akwati. Na ce mata ai can dare ba a son mutum ya toshe kunnensa. Ta ce ta sani, ba don dare za ta tafi da shi ba, don injin niƙan maƙwabta ne da ke hana ta ƙailula.